Zugazugi a Ƙarƙashin Kanwa

Wata yarinya cikin 'yan makarantar koyon aikin lafiya da ake turo mana asibitin unguwa ta dube ni rannan, da farar rigarta da ɗan agogo maƙale a ƙirji, ta ce, "Inna Tabawa, ai aikinku na da ba wuya. Mace ta haihu da kanta, ku zo ku yanke cibi, a ba ku sabulu da turmin atamfa." Sauran suka yi dariya. Ni ma na yi, don rabin maganarta gaskiya ce, atamfar ce kawai ban san gidan da ake bayarwa ba. Na ce ta jira, zan ba ta amsa a rubuce. Na lura idan tsohuwa tana magana wayoyinku kuke kallo, amma takarda kuna tsoronta saboda jarrabawa. To ga amsar. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ina da 'ya'ya huɗu na fara riƙe fensir. Wadda ta ga harafi ya karkace ta miƙe shi da kanta.

Gidan farko da na shiga da sunan aiki a Yakasai yake, ina bayan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ina riƙe mata ƙwarya. A cikin ƙwaryar akwai reza, da zare, da sabulun salo, da tsumma, da ɗan tsingaron gashin cibi. Kayan aikin ke nan kaf. Muka tarar da jariri kwance a ƙasa, uwar tana durƙushe ta ba shi baya, mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ba wadda ta taɓa shi. Na miƙa hannu zan ɗauka, Gwaggo ta buge min hannu.

"Mabiyiya ta faɗo ne?"

"A'a, Gwaggo."

"To wa ya aike ki?"

A nan na koyi doka ta farko: ba a taɓa ɗa, ba a yanke cibi, ba a ma ce an haihu, sai mabiyiya ta faɗo. Ta biyu kuma ta fi ta tsauri: ba a kiran ungozoma sai ɗa ya riga ya faɗo ƙasa. Mace mai kunya ita kaɗai take naƙudarta, ta cije leɓe, ko tarinta kada a ji. Idan haihuwar fari ce kuwa, ta gwammace ta suma da ta buɗe baki ta ce ga abin da take ji.

Gwaggo ta iya aiki, kada wadda ta raina min ita. Da tafin hannu take gane kwanciyar ɗa a ciki. Amma idan jariri ya zo bai yi kuka ba, dabarunta uku ne. A kaɗa masa tasa da cokali a kunne. A watsa masa ruwan randa. A kama ƙafafunsa a juya shi kamar kazar da za a fige, a bubbuge. Wani ya yi kuka, a ce tasa ta yi aiki. Wani bai yi ba, a rufe shi da zane, a ce baƙo ne ya leƙo ya koma. Akwai kuma na uku, su ne dalilin wannan takarda: waɗanda sai an daɗe ana kaɗe-kaɗe za su yi wani ɗan kuka irin na 'yar kyanwa. A yi guɗa, a yi suna, a ci rago. Wata shida wuya bai tsaya ba. Shekara bai zauna ba. Yawu yana zuba, hannu a dunƙule. Sai a ce ɗan ruwa ne, uwar ce ta bi ta bakin kududdufi da ciki aka musanya mata. Na yi shekaru ina faɗin wannan magana da bakina, har da nuna kududdufin.

Karatu kuwa ba don aiki na shige shi ba. A mulkin farar hula na wancan karon aka buɗe ajin matan aure a unguwarmu, maƙwabciyata ta shiga, ta dawo tana karanta min allon kowane shago da ƙarfi duk inda muka wuce. Wannan ne ban iya jurewa ba. Na shiga, na koyi baƙaƙe, na koyi lamba, na koyi agogo, na sayi nawa na ɗaura don ta gani.

Muguwar shekarata ta zo a zamanin soja, bayan rasuwar Gwaggo, lokacin da man fetur ya yi wuya har mai mota yana tafiya a ƙasa. Daga damina zuwa damina jarirai uku suka yi jinkirin kuka a hannuna, kuma duk ukun suka ƙi zama. Magana ta zagaya lungu-lungu cewa hannun Tabawa yana ɗauke da ruwa. Mai ciki ta hango ni ta canja hanya. Aka daina aiko min. Na ɗauki tire na shiga tallan kanwa da kayan yaji gida-gida, tunda ciki ba ya jiran a wanke wa mutum suna.

Uwar ɗaya daga cikin ukun ce ta ce in raka ta babban asibiti, tunda ni na ga yadda ya zo. A ɗakin jarirai muka sami wata gajerar Sista mai tabarau. Ta ɗaga hannun yaron ta saki, ta dube ni.

"Minti nawa ya yi kafin ya yi kuka?"

"Sista, wa yake duba agogo a ɗakin haihuwa?"

"Wannan na hannunki fa, ado ne?"

Ban taɓa jin an zage ni da ladabi irin na ranar ba. Ta zaunar da ni ta yi min bayani, ni kuma zan yi muku yadda na gane. A cikin kan jariri akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su ne masu tsayar da wuya, su ne masu zama da tafiya da magana. Abincinsu iskar da ake shaƙa, kuma ba su da rumbu, ba sa ajiye ta gobe. Fata ta yanke ta warke, ƙashi ya karye a ɗora, amma waɗannan idan suka mutu sun tafi ke nan. Minti kaɗan ba numfashi suke fara zubewa. Waɗanda suka jigata ba su mutu ba kuma, sukan ci gaba da mutuwa a hankali har kwana biyu ko uku, zafi yana ƙara musu sauri, kamar yadda nama yake lalacewa da bazara. Na ce to kududdufin fa? Ta ce ita dai tunda take aiki ba ta taɓa ganin kududdufi ya shigo ɗakin haihuwa ba.

Wata shida na yi ina zuwa wurinta kowace safiya. In yi shara, in wanke zannuwa, idan ta sami sarari ta ɗauko min 'yar tsanar roba da wata jaka ita ma ta roba, girman ƙaramar gwanda, mai baki kamar marfin kofi da ake kifa wa jariri a hanci da baki. Tana da sunanta na Turanci, ni zugazugi na sa mata, don aikinsu ɗaya da na maƙera. Ga yadda ta koya min: ki goge jariri da ƙarfi da busasshen zane, ki murza bayansa. Bai yi ba, ki kwantar da shi rigingine, wuya kada ya lanƙwashe kada kuma ya ɗage da yawa, kamar mai shinshino gidan da ake suya. Ki kifa, ki matsa da yatsu, idonki a kan ƙirjinsa. Ƙirji bai ɗaga ba, ɗakin kike hura wa iska, gyara. Hura, biyu, uku. Hura, biyu, uku. Sai da na gajiyar da 'yar tsanar nan kafin Sista ta ba ni wani tsohon zugazugi, ta ce nawa ne, amma duk wanda na hura wa in kawo mata shi a ranar.

Na dawo gida da kayan aiki, sai na ga an ba ni maganin da ba zan taɓa isa da shi a kan lokaci ba. Kafin ɗa ya faɗo, a gama kallon-kallo, a aiko, in sa mayafi, in ratsa lungu uku, ƙwayoyin nan sun gama zubewa. Dole in kasance a gidan kafin a kira ni, a garin da ba a kira sai an gama. A nan tiren kanwa ya yi min rana. Duk gidan da ke da mai ciki yana tanadin kanwa saboda kunun jego. Na nannaɗe zugazugi a tsabtataccen zane, na sa a samira, na rufe, na tula kanwa a kai. Na san watan kowane ciki daga Yakasai har Zaitawa. Idan wata ya kama, sai gidan ya ga kanwata kullum, ko suna so ko ba sa so.

Gidan Hajiya Babba a Zaitawa ne aikin da nake so ku ji. Jikokin Larabawan fatake ne, gida mai soraye, tun daga zaure turaren wuta yake tarbar mutum. Hajiya Babba tsohuwa ce fara sol, tana dogara sanda, ɗanta Alhaji da gemunsa amma a tsaye yake sauraronta. Tana cikin waɗanda suka ce hannuna yana da ruwa. Kanwata dai tana saye, don ta fi ta kasuwa kyau. Jikarta Nana, 'yar Alhaji, ta dawo gida goyon cikin fari.

Ranar da soja suka miƙa mulki ce, ana rantsar da sababbin gwamnoni. Maza duk sun cika zaure gaban talabijin. Zafin bazara kuwa tun da hantsi ƙasa tana ƙona ƙafa. Na yi sallama na shiga, na tarar da Nana tana shara a tsakar gida. Wuri ɗaya take sharewa. Ta share, ta tsaya ta dafa turmi, yatsun ƙafarta su nutse cikin ƙasa, gumi ya tsattsafo a saman leɓenta, sannan ta ci gaba. Na saci kallon agogo. Duk minti uku take dafa turmin nan. Na matsa kamar zan gaishe ta, na ga abin da take turbuɗewa da tsintsiya. Faya ce ta fashe, ruwan kuma ba fari ba ne, ya yi kore-kore. Sista ta gaya min wannan alamar ɗan da ya wahala ne tun a ciki.

Na je na durƙusa gaban Hajiya Babba a inuwar ɗakinta.

"Hajiya, yarinyar nan naƙuda take."

"Shara take."

"To sharar ta kusa faɗowa. Ruwan ba shi da kyau, a kai ta asibiti."

"Tabawa, kanwa kika kawo ko duba? Goma sha ɗaya na haifa a ɗakin can, ba wanda ya ji tarina. Tun zuwan kakanmu garin nan ba a taɓa jin muryar mace tana naƙuda a gidan nan ba. Auna ki tafi."

Na fara awo. Ban taɓa awo a hankali irin na ranar ba. Na cika gwangwani, na ce bai cika ba, na juye. Hannuna ya goce, kanwa ta watse a ƙasa, na bi ta ɗaya-ɗaya ina hure ƙasar. Na nemi ruwan sha, na sha kamar mai shan magani. Nana dai ta jingine tsintsiya ta shige ɗaki ta saki labule. Hajiya ta ƙwanƙwasa sanda a ƙasa, alamar na ishe ta. Sai na dubi rana na ce, "Af, ga lokacin walaha yana wucewa. Hajiya, a ara min buta da tabarma."

Ba a korar mai salla, ko a gidan wa. Na yi alwala, kowace gaɓa sau uku cif. Na shimfiɗa tabarma daidai inda zan ga labulen. Raka'a biyu, na sallame, na tashi na ƙara. Na sake ƙarawa. Allah Ya yafe min, ido ɗaya yana kan tabarma, ɗaya yana kan labule. Daga baya na tambayi wani malami, ya ce in yi istigfari, na yi.

"Tabawa," in ji Hajiya daga bayana, "walahar shekara nawa kike ramawa?"

Na ɗaga hannu na sake kabbarta wata.

Ina zaune a tahiya na ga Rabi, gwaggon Nana, ta leƙa ɗakin ta shige da sauri. Shiru. Na kasa kunne in ji kuka, ban ji ba. Abin da na ji ƙarar cokali ce a jikin tasa. Na sallame, na kifar da kanwa, na suri samira. Kafin in kai ƙofa tsohuwar nan ta riga ni, ban san inda ta sami ƙafa ba, ta gitta sanda.

"Mabiyiya ba ta faɗo ba."

"Hajiya, mabiyiya ba ta buƙatar numfashi."

Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin sandar. Namiji ne, yana kwance a ƙasa yaraf kamar jiƙaƙƙen tsumma, jikinsa ya yi toka-toka, leɓensa kamar an shafa shuni. Rabi ta ajiye tasa ta ɗauko moɗar ruwan randa. Na ce idan ɗigo ɗaya ya taɓa shi sauran a kanta zan juye. Na goge shi da zanena mai tsabta, na murza bayansa, na share masa baki. Ko motsi. Na kama gindin cibiyar da yatsu biyu, na ji tana bugawa, a hankali, kamar gajiyayyen baƙo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na kwantar da shi, na kifa zugazugi, na matsa. Ƙirji bai ɗaga ba. Wata shida ina ɗaga ƙirjin 'yar tsana, ga na gaske ya ƙi. Na gyara haɓarsa, na ƙara danne marfin, na matsa. Ya ɗaga.

Hura, biyu, uku. Hura, biyu, uku.

Hajiya Babba ta shigo ta tsaya a kaina da farin zane a hannu.

"Ki bar shi haka. Mai abu ya karɓi abinsa. Kada ki wahalar min da gawa a gida."

"Cibiyar gawa ba ta bugu. Kawo hannunki."

Ban jira ta ba ni ba, na fizgo shi, na ɗora yatsunta a gindin cibiyar, hannuna ɗaya bai daina matsawa ba. Na ga fuskarta ta canja. Ta zauna daɓas a ƙasa, ita da ko a gidan biki sai an kawo mata kujera. Na miƙa mata hannun haguna na ce ta kwance agogon.

"Kin ga siririn tsinken nan mai gudu? Duk sanda ya zagayo sama ki gaya min."

Ta kai shi dab da idonta. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai zugazugi, da muryar mai jawabi daga zaure yana alkawarin ruwan famfo.

"Ɗaya," in ji Hajiya.

Bugun cibiya ya fara sauri. A na biyu leɓe ya fara washewa. A na uku gumina yana ɗiga a cikinsa. Nana da ba ta ce uffan ba tun safe ta juyo ta ce, "Inna, kada ki daina." Ba wadda ta ce mata ta yi rashin kunya. A na huɗu ya ja wani numfashi kamar mai shaƙuwa, ya tsaya, na ci gaba. Hajiya tana cewa "Shida" ya yamutsa fuska ya yi kukan 'yar kyanwar nan da na sani.

Da can a nan aikina yake ƙarewa. Mabiyiya ta faɗo, na ɗaure cibi na yanke da sabuwar reza, na duba cikin Nana na ji ya dunƙule, jini ba yawa. Ina ɗagowa na ga an shigo da kasko cike da garwashi, ga tukunyar ruwan wanka tana tururi, ga Rabi da hular ulu da bargo biyu. Cikin bazara, a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu ba.

"Ba wanka yau. A fitar da wuta."

"Ɗan gidan nan ya kwana da dauɗar haihuwa?" in ji Hajiya.

"Ya kwana da ita, ya tashi da hankalinsa. Hajiya, kan nan nasa ya sha yunwar iska. Idan kuka gasa shi yanzu, abin da ya saura ma zai lalace. Ba a so ya yi sanyi, ba a so ya yi zafi. Ƙirjin uwarsa da zane ɗaya sun ishe shi."

Na ɗauki kaskon da kaina na dire shi a tsakar gida, na ce wa Rabi idan akwai masara a gasa, kada garwashi ya tafi a banza. Sannan na ce asibiti, yanzu, don wanda ya yi minti shida yana iya yin jijjiga, kuma wannan ya fi ƙarfin zugazugina. Na zaci za a sake gitta sanda. Hajiya ta dubi agogon da har lokacin yake hannunta, ta ce a gaya wa Alhaji.

Ba wadda za ta iya shiga zauren da ke cike da maza, sai ni. Na yi sallama na tsaya tsakaninsu da talabijin.

"Tabawa, lafiya? Kin tare mana gwamna."

"Alhaji, gwamna yana da shekara huɗu a gabansa. Jikanka awa ɗaya ba ni da tabbas. Ina mota?"

Ashe 'yan jam'iyya sun are ta tun asuba sun tafi filin taro. Cikin masu kallo akwai wani direban akori-kura mai jigilar riɗi daga kasuwar Dawanau, motarsa tana bakin titi da kaya a kai. Ya miƙe yana laluben makulli. Muka fito da Nana ta lungu, jariri a ƙirjinta. Gaban motar mutum biyu yake ɗauka ban da direba, ita da ni, don zugazugi ba ya nisa da yaron. Hajiya Babba ta ce ƙafarta ƙafarsa, ita ta ƙirga masa. Na so in ce na yi mata tayin gaba, amma ƙarya ba kyau a rubuce. Alhaji da wasu mutum biyu suka ɗora ta a kan buhunan riɗi, da mayafinta na Makka da sandarta.

Titi cike yake da masu murna. Direba ya danne ham bai saki ba. Mutane suka ga akori-kura tana tsala gudu, ga farar tsohuwa zaune a sama tana ɗaga sanda don a ba da hanya, suka ɗauka shugabar matan jam'iyya ce. Suka dinga darewa suna ɗaga mata hannu, har da masu kirari. Ba don haka ba da ba mu isa da wuri ba.

Sista ta karɓe shi, ta sa masa iskar oksijin, ta juyo gare ni da tambayarta ta kullum.

"Minti nawa?"

"Shida," in ji Hajiya daga bayana, riɗi maƙale a mayafinta. "Ni na ƙirga."

Ya yi jijjiga a kwana na biyu, aka yi masa allura ta tsaya. Ana jibi suna aka sallame su, aka raɗa masa Sadiƙu. Sista ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta ce a zuba ido a ga wuya, a ga zama, a ga tafiya. Ni ma na san idan yaron nan ya ƙi zama, to na huɗu ke nan a hannuna, kuma wannan karon har ƙarƙashin sanda na bi na je na taɓa shi. Na ci gaba da kai kanwa duk mako. Hajiya tana saye, har ta tara wadda za ta ishi jegon unguwa guda, ba ta taɓa cewa ga dalili ba. Sai dai ta ce, "Rabi, miƙo mata maigidan nawa ta gani, ko ya ƙara muni." Wuya ya tsaya a wata huɗu. Ya zauna a wata takwas. Tafiya ta yi nawa, sai da ya shekara ɗaya da rabi, kuma yana ɗan jan ƙafar hagu. Har yau yana janta kaɗan, idan kin lura. Ke mai agogo a ƙirji, ki riƙe wannan. Ƙafar nan ita ce mintunan da aka ɓata ana kaɗa tasa, ni kuma ina gama tahiya. Da sai an aiko min gida ne, da ba ƙafa kaɗai za a biya ba. Yanke cibi kowa ya iya, ko Rabi. Aikin shi ne ki kasance a wurin kafin a neme ki, kayanki a wanke, idonki a kan ƙirji.

Shekara uku bayan nan, wata safiya, Rabi ta yi sallama a gidana. Nana ta sake dawowa da ciki, na san watan ya kama.

"Hajiya ta ce a gaya miki an shimfiɗa tabarma, ko za ki zo ki yi walaha."

Na tarar da tabarmar a bakin ƙofar ɗakin, ga buta cike da ruwa. Hajiya Babba tana kan kujera da sabon agogo a hannu, ta ɗaura shi kai a ƙasa. Sadiƙu yana jingine da gwiwarta yana zuba kamar rediyo: me ya sa akuya ba ta sa takalmi, wa ya cinye haƙoran Hajiya, me ke cikin samirar Inna.

"Kin ji aikinki," in ji ta. "Tun asuba yake yi. Ke kika cika masa iska, sai ki zo ki rage."

Na ce zugazugin hurawa kawai ya iya. Na leƙa Nana, na duba, da sauran lokaci sosai. Na fito na naɗe tabarmar na miƙa wa Rabi.

"Hajiya, walahar yau a asibiti za a yi ta."

Ta dubi agogonta. Sannan ta dogara sanda ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Rabi, je ki gaya wa Alhaji ya fito da mota. Ki ce masa tasa, mai ƙofa huɗu. Idan na ga buhu ko ɗaya, shi zai hau."